Loos, 1915: Yadda 'yan Sikotlan suka fasa layin Jamusawa, da abin da ya sa nasarar ta zube a hannunsu

A birnin Dundee da ke gabashin Sikotlan akwai wani tudu da ake hango gari gaba ɗaya daga kansa. A ƙolinsa an gina hasumiyar tunawa da mazan garin da suka faɗi a yaƙi, da fitila a samanta wadda ba kullum ake kunnawa ba. Cikin 'yan ranakun da ake kunna ta akwai 25 ga Satumba, saboda abin da ya faru a rana irin ta a 1915, a wani ƙauyen masu haƙar kwal da ake kira Loos, can arewacin Faransa.

Wanda ya karanta tarihin Yaƙin Duniya na Ɗaya sama-sama zai fi jin sunan gumurzun Somme da na Verdun. Amma a Sikotlan, Loos ce ta fara shiga gida-gida da makoki. Cikin bataliyoyi 72 da Birtaniya ta tura a farmakin farko na wannan safiya, rabi na ɗauke da sunayen rundunonin Sikotlan ne. 'Yan Sikotlan kimanin 30,000 suka shiga gumurzun, kuma cikin mutum kusan 21,000 da Birtaniya ta rasa rayukansu a yaƙin, wajen kashi ɗaya bisa uku nasu ne. Wannan kuwa ƙasa ce da mutanenta duka ba su kai miliyan 5 ba a lokacin, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na jama'ar Birtaniya.

Abin da nake so in warware shi ne yadda mutanen da suka yi duk abin da aka ce su yi, suka ƙwace ramukan abokan gaba da ƙauye sukutum cikin sa'o'i biyu, suka wayi gari bayan 'yan kwanaki kusan babu komai a hannunsu sai gawarwaki. Ni dai a fahimtata, an aika su ne su cike da jikinsu giɓin da rashin igwa da rashin shiri suka bari.

Sai mun fara da ramukan, don duk maganar a kansu take.

Daga ƙarshen 1914 yaƙin yammacin Turai ya daina motsi. Kowane ɓangare ya haƙa rami ya shige, layi biyu suna fuskantar juna tun daga gaɓar teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan, tafiyar kilomita wajen 700. Ramin ya fi tsayin mutum zurfi, an jera buhunan ƙasa a bakinsa, kuma ba a haƙa shi a miƙe, sai a karkace kamar tafiyar maciji, don kada harsashin igwa ɗaya ya share mutanen ciki duka. A gabansa an shimfiɗa waya mai ƙaya, rufi a kan rufi. Bayan wayar sai fili fetal wanda ba na kowa ba, wani wuri mita 100, wani wuri ya fi 400. Duk mai son kai farmaki dole ya fito daga raminsa, ya ratsa wannan fili a tsaye, ya sami ƙofa a cikin wayar, alhali mashin-gan guda ɗaya tana iya zubo harsashi ɗaruruwa a minti. Dabara ɗaya aka sani: a yi kwanaki ana luguden igwa har waya ta tsinke, masu mashin-gan su mutu ko su ɓuya, sannan a taso. Idan igwa ba ta yi aikinta ba, to mai tafiya a ƙasa ne zai biya.

Kwamandojin Birtaniya ba su so yin yaƙi a Loos ba. Sir John French, babban kwamandan sojojin Birtaniya a Faransa, da Janar Douglas Haig, wanda ke riƙe da Runduna ta Ɗaya, shi kansa haifaffen Edinbara, babban birnin Sikotlan, dukansu sun duba wurin sun ce bai yi ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faranti, babu wurin fakewa, ga tsibin tarkacen kwal masu tsayi da hasumiyoyin bakin mahaƙa, duk a hannun Jamusawa, suna kallon motsin kowa daga sama. Ga kuma gidajen ma'aikata na jan bulo a jere, kowanne na iya zama maɓoyar bindiga. Amma shugaban sojan Faransa, Janar Joffre, ya shirya babban farmaki na kaka a yankunan Champagne da Artois, yana son Birtaniya ta buga a gefensa na hagu. A gabas kuma Rasha na shan kashi, birnin Warso ya faɗa hannun Jamus a watan Agusta, ana tsoron kada Rasha ta fice daga yaƙin. Sai Lord Kitchener, ministan yaƙi, ya zo Faransa da kansa ya shaida wa French cewa dole a taimaki Faransa iyakar iko, ko da kuwa za a yi asarar rayuka mai yawa. Wato tun kafin a harba harsashi na farko, manya sun san me ke tafe.

To su wane ne waɗannan 'yan Sikotlan, me kuma ya sa suka yi yawa haka?

Mafi yawansu ba sojan sana'a ba ne. A watan Agustan 1914 Kitchener ya yi kira ga masu son shiga soja don raɗin kansu, domin Birtaniya ba ta fara tilasta wa kowa shiga ba sai a 1916. Masu haƙar kwal na Fife da Lanarkshire, ma'aikatan ƙera jiragen ruwa na Gilasgo, akawuna, ɗalibai, makiyayan tumaki na tsaunukan arewa, duk suka yi ta tururuwa. Daga cikinsu aka haɗa manyan rundunoni biyu masu bataliyoyi da yawa, runduna ta 9 da runduna ta 15, dukansu masu laƙabin Sikotlan. Ta 9 ta sauka Faransa a watan Mayun 1915, ta 15 a watan Yuli. Babu wadda ta taɓa shiga babban farmaki kafin Loos.

Dalilan yawan nasu suna da tushe mai nisa. Bayan yaƙin Culloden na 1746, inda gwamnatin Landan ta murƙushe tawayen ƙabilun tsaunuka, an kafa dokar hana su sa tufafinsu na gargajiya, wato wannan zane mai ninki da ke tsayawa a gwiwa wanda suke kira kilt. Wanda aka ɗauke wa dokar shi ne mai yi wa sarki aikin soja. Ta haka bariki ya zama wurin da saurayi zai sa kayan kakanninsa, ya ji busar garinsu, ya kuma sami albashi. Da masu gonaki suka riƙa korar talakawa daga filayen tsaunuka don kiwon tumaki, soja ya ƙara zama mafita. Kafin 1914 rundunoni irin su Black Watch, Cameron, Seaforth da Gordon sun zama abin alfaharin yankunansu, kowace tana ɗibar mutane daga gundumar da aka san ta da ita. Ga kuma talaucin unguwannin Gilasgo da Dundee, inda iyali guda ke cunkushe a ɗaki ɗaya ko biyu. Kishin ƙasa ya taka rawa, ban musa ba, amma shilin ɗaya a rana da abinci sau uku su ma sun taka tasu.

Wannan tsari na ɗibar soja gari-gari yana da ƙarfi, domin mutum ba ya son a koma gida a ce shi ne ya juya da baya a gaban ɗan maƙwabcinsu. Yana kuma da mugun farashi, wanda za mu gani.

Matsalar Haig ta farko ita ce igwa. A wannan shekara Birtaniya na fama da ƙarancin harsasan igwa, har abin ya zama rikicin siyasa a Landan a watan Mayu. Filin dagar da aka ba shi ya kai kilomita 10, daga mashigin ruwan La Bassée zuwa gefen garin Lens, igwoyinsa kuwa ɗari biyar da 'yan kai ne, manya a cikinsu kaɗan. An yi kwana huɗu ana luguden wuta tun daga 21 ga Satumba, amma kowa ya san ba ta isa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai aka nemi abin da zai cike giɓin, aka tsaya a kan iskar guba.

Jamusawa ne suka fara sakin iskar kulorin a Ypres ta ƙasar Beljiyam ranar 22 ga Afrilun 1915, Birtaniya ta yi ta Allah wadai, sannan ta shiga haɗa tata. An kawo tulunan ƙarfe sama da 5,000, ɗauke da iskar da ta kai tan 140. Kowane tulu ya fi buhun siminti nauyi, kuma a kafaɗa sojoji suka riƙa ɗaukar su cikin dare, a rataye a jikin sanda, suna bin ƙananan ramuka masu santsi har layin gaba. An hana kowa furta kalmar gas, sai wani suna na ɓoye. Yadda abin yake aiki kuwa, buɗe bakin tulu kawai ake yi, iskar ta fito ta bututu, a jira iskar Allah ta kaɗa ta zuwa ramin abokan gaba. Ma'ana, rayuwar mutum 75,000 an rataye ta a kan inda iska za ta kaɗa da asuba.

Da asubahin ranar Asabar, 25 ga Satumba, iska ta kusa tsayawa cik. Haig ya fito waje yana duban ganyen bishiyoyi, wani hafsansa ya kunna taba, suka tsaya suna kallon inda hayaƙin zai nufa. Ya ɗan karkata arewa maso gabas a hankali. Da misalin ƙarfe 5:15 Haig ya ba da umarni a ci gaba. Ƙarfe 5:50 aka buɗe tulunan, ana haɗawa da hayaƙi, na tsawon minti 40. A kudancin filin iskar ta tafi wajen Jamusawa, ko da yake a sanyaye. A arewa kuwa ta tsaya a fili, a wasu wuraren ta dawo cikin ramukan masu ita. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya: sojojin Birtaniya fiye da 2,000 ne gubar tasu ta kwantar a ranar.

Abin kariyar da aka ba su wata hular yadi ce da aka jiƙa da magani, tana rufe kai duka har wuya, da tagogi biyu na ido. Numfashi a cikinta wahala ne, tagogin kuma nan da nan suke yin hazo. Mutum ya ji kamar zai shiɗe, ya ɗaga ta don ya sha iska, sai ya shaƙi guba.

A cikin wannan hali ne bataliya ta 7 ta King's Own Scottish Borderers, ta runduna ta 15, take jiran ƙarfe 6:30. Guba ta taru a raminsu, igwar Jamus na sauka, mutane na tari, an ba da umarnin fita amma ƙafafu sun yi nauyi. Akwai wani mabushi a cikinsu, Daniel Laidlaw, ɗan shekara 40, tsohon soja da ya yi aiki a Indiya ya sake dawowa da yaƙi ya tashi. Abin busarsu kamar algaita ne, sai dai an haɗa shi da salkar fata da mabushi ke matsewa a hammata, sautin ba ya yankewa ko yana jan numfashi. Laidlaw ya hau bakin rami, inda duk mai bindiga a ɗaya gefen ke ganinsa, ya cire hular, ya shiga busa taken rundunarsu yana kai da kawowa. Wanda ya san abin da take da kirari ke yi wa namiji a fagen fama ba ya bukatar a yi masa bayani. Mutanen suka fito. Ya bi su yana busa har aka ji masa rauni a ƙafa kusa da wayar Jamusawa. An ba shi Victoria Cross, lambar jarunta mafi girma a sojan Birtaniya, ya kuma rayu har 1950.

Ina girmama wannan mutum ƙwarai. Amma ina ganin labarinsa ya yi daɗin faɗi har ya kan rufe tambayar da ke ƙarƙashinsa: me ya kai ga sai mabushi ya tsaya a bakin rami kafin farmaki ya tashi? Bataliyar da ya fitar ta rasa mutum fiye da 600 a wannan yaƙi, tsakanin matattu, masu rauni da waɗanda suka ɓace.

Duk da haka runduna ta 15, ƙarƙashin Manjo-Janar McCracken, ta yi abin da ba a saba gani ba a yaƙin rami. Hayaƙi ya rufe su, suka ratsa fili, suka haye layin Jamusawa na farko, suka faɗa ƙauyen Loos. Aka yi ta faɗa gida-gida da banati da gurneti, ana zaƙulo Jamusawa daga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Wajen ƙarfe 8 na safe ƙauyen ya zo hannu. A nan ne wata yarinya 'yar garin mai shekara 17, Émilienne Moreau, ta fito ta nuna musu inda Jamusawa suka ɓuya, ta kuma mai da gidansu wurin jinyar masu rauni. Faransa da Birtaniya duk sun ba ta lambar yabo daga baya.

Gaba da ƙauyen akwai wani tudu da taswirar soja ta kira Tudu na 70, don tsayinsa mita 70 ne daga matakin teku. Ba dutse ba ne, gangare ne mai sauƙi, amma a ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin wannan duk wanda ke kansa shi ke ganin kowa. 'Yan Sikotlan suka hau shi. A nan abin ya fara kwancewa.

Faɗan cikin ƙauye ya riga ya cakuɗa bataliyoyin, Black Watch da Cameron da Seaforth da Gordon duk sun zama taro ɗaya. Hafsoshin da suka san taswira, waɗanda su ke gaba a koyaushe, yawancinsu sun faɗi. Umarnin da aka ba su shi ne su ci gaba da dannawa gabas iyakar ƙarfinsu, za a turo wasu a bayansu. Sai ɗaruruwan mutane suka haye ƙolin tudun suna bin Jamusawan da ke gudu, suka karkata kudu ba su sani ba, suka gangara wajen unguwar ma'aikata ta Cité Saint-Laurent. Can ne layin Jamusawa na biyu yake, wayarsa ko ƙwarzane babu, domin igwar Birtaniya ba ta kai wurin ba. Mashin-gan ta buɗe musu wuta daga gaba da gefe, a gangaren da babu ko kututture. Komawa sama mutuwa, tsayawa mutuwa. Kaɗan ne suka dawo. Ragowar suka haƙa 'yan ramuka a bayan ƙolin tudun suka riƙe.

A lura da wani abu da mai karatu na yau zai iya mantawa: babu rediyon hannu. Wayar tarho da aka ja a ƙasa igwa ta tsinka ta. Saƙo sai dai ɗan aike ya ruga da ƙafa cikin ruwan harsashi, in ya isa, labarin da ya kai ya tsufa da sa'a biyu ko uku. Masu igwa ba su san inda mutanensu suka kai ba, janar-janar kuma suna yanke shawara a kan abin da ya riga ya wuce.

A arewa, runduna ta 9 ta fuskanci wuri mafi tsauri a filin duka: wata tunga da Jamusawa suka gina suka kewaye da waya, ana kiranta Hohenzollern, a bayanta kuma mahaƙar kwal mai lamba 8 da wani ƙaton tsibin tarkace. Birged ta 26, wani reshen rundunar na mutanen tsaunuka, ta ƙwace tungar, ta wuce ta kama mahaƙar, wasunsu har suka kai gefen ƙauyen Haisnes. Amma birged ta 28 da ke hagunsu ta tarar da waya a tsaye, ga ramuka da aka rufe aka kafa itatuwa masu tsini a ciki. Bataliya ta 6 ta Borderers da ta 10 ta Highland Light Infantry aka karkashe su a gaban wayar, kowace ta rasa fiye da mutum 600. Da tsakar rana aka sake tura ragowar birged ɗin wuri guda, sakamakon bai canza ba. Runduna ɗaya, safiya ɗaya, mutane iri ɗaya: inda igwa ta yanke waya sun wuce, inda ba ta yanke ba sun mutu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba jarunta ce ta bambanta su ba.

Yanzu sai babbar tambayar da aka shekara ɗari ana gardama a kanta, wato dakarun ajiya.

Duk wanda ya fasa layi yana bukatar sababbin mutane su shigo ta kafar nan take, kafin abokin gaba ya toshe. Haig ya zuba rundunoninsa shida duka a farmakin farko, yana sa ran runduna ta 21 da ta 24 za su biyo baya. Amma French ya riƙe su a hannunsa, ya ajiye su nesa da fagen daga, shi kansa kuma ya koma wani wuri da babu layin tarho kai tsaye zuwa hedikwatar Haig. Waɗannan rundunoni biyu sababbi ne fil, makonni kaɗan da saukarsu Faransa, ba su taɓa jin ƙarar harsashi a kansu ba. Sun kwana da kwanaki suna tafiyar dare. Da aka sake su, sai suka faɗa hanyoyi ƙunci cike da keken dawaki da masu rauni da ke dawowa. Ruwan sama ya sauko. Ba su iso ba sai da duhu ya yi, a gajiye, da yunwa, kekunan girkinsu na can baya. A daren nan Jamusawa suka kawo ƙarin dakaru suka ƙara waya.

Washegari, 26 ga Satumba, da hantsi, aka tura su a jere a fili, babu guba, babu hayaƙi, babu luguden igwa na kirki. Cikin mutum kusan 10,000 da suka taso, wajen 8,000 aka kashe ko aka raunata cikin 'yan sa'o'i. A wasu wuraren Jamusawa da kansu sun tsagaita wuta da suka ga ragowar na jan jiki suna komawa. Sun raɗa wa wurin suna filin gawarwakin Loos. Yawancin waɗannan Ingilishi ne, kuma duk mai ba da labarin Sikotlan a Loos bai kamata ya tsallake su ba.

A Tudu na 70, 'yan Sikotlan da suka kwana cikin ruwa aka ce su sake hawa. Laftanar-Kanar Angus Douglas-Hamilton, mai shekara 52, kwamandan bataliya ta 6 ta Cameron, ya ga na dama da na hagunsa sun ja da baya. Sau huɗu yana tattara mutanensa yana komawa da su. A na ƙarshe ba su fi 50 ba, kuma a gabansu aka kashe shi. A kan tudun nan dai, wani mahaƙin kwal daga Fife, Farabiti Robert Dunsire na Royal Scots, ya rarrafa cikin wuta ya ɗauko mai rauni, ya ji wani na kira kusa da layin Jamusawa, ya sake komawa ya ɗauko shi. Dukansu biyu an ba su Victoria Cross. Dunsire bai ga ƙarshen Janairun 1916 ba.

Ranar 27 ga wata Jamusawa suka ƙwace mahaƙa mai lamba 8. Kwamandan runduna ta 9, Manjo-Janar George Thesiger, ya je gaba don ya ga halin da ake ciki da idonsa, igwa ta kashe shi. Yana cikin manjo-janar uku da Birtaniya ta rasa a wannan yaƙi. A ranar ce kuma aka kashe Kyaftin Fergus Bowes-Lyon na Black Watch, wanda ƙanwarsa ta zama mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Faɗan cikin tungar ya koma na gurneti, lungu-lungu, kuma a nan ma Jamusawa sun fi kayan aiki, domin gurnetin Birtaniya na lokacin sai an kunna masa wuta, ruwa kuma ya jiƙa shi. Zuwa 3 ga Oktoba tungar ta koma hannun masu ita. Ranar 13 ga Oktoba wata rundunar Ingila, ta 46, ta sake gwadawa, ta rasa mutum fiye da 3,500, akasarinsu a mintocin farko.

Mutanen Dundee da muka fara da su ba ma a Loos ɗin kanta suka faɗi ba. Bataliya ta 4 ta Black Watch, wadda garin ke kira tasa, an tura ta wani farmakin ɗauke hankali ne a arewa, kusa da Neuve Chapelle, kafaɗa da kafaɗa da sojojin Indiya, cikinsu har da bataliyoyin Punjab. Hafsoshi 20 da sojoji wajen 420 suka fita. Hafsoshi 19 da sojoji wajen 230 aka kashe ko aka raunata, kwamandansu, Laftanar-Kanar Harry Walker, ya mutu daga rauninsa. Waɗannan mutanen masaƙun garin ne da ofisoshinsa, 'yan layi ɗaya, 'yan makaranta ɗaya. Wannan shi ne farashin da na ambata: in bataliya ta gari ɗaya ce, to saƙon mutuwa ma gari ɗaya yake zuwa, a mako ɗaya. Yaƙin Duniyan nan dai shi ne wanda a watannin nan sojojin Rundunar Najeriya, cikinsu da Hausawa da yawa, ke yi da Jamusawa a Kamaru, sun karɓi Garwa a watan Yuni, suna zaune a gindin dutsen Mora. Daula ɗaya ce ke ɗibar 'ya'yan talakawa daga Dundee da Punjab da Kano.

Laifin wa? Haig bai ɓata lokaci ba wajen ɗora shi a kan French. Ya rubuta wa Kitchener, ya kai maganar har kunnen Sarki George na Biyar, kuma da French ya fitar da rahoton da ya nuna kamar ya saki dakarun ajiya da wuri fiye da yadda aka yi, takardu suka ƙaryata shi. A watan Disambar 1915 aka sauke French, Haig ya hau kujerarsa. Gaskiya ne French ya yi kuskure babba. Amma ban yarda cewa shi ke nan maganar ba. Ko da rundunonin nan biyu sun iso da tsakar ranar farko, layin Jamusawa na biyu na nan da wayarsa, igwar da za ta yanke ta babu, mutanen kuma ba su san yaƙi ba. Haig ne ya tsara farmakin da bai bar ko birged ɗaya ta kirki a hannunsa ba, shi ne ya gina komai a kan iska, shi ne kuma ya amince a tura sababbin nan a fili washegari. Sama da su duka akwai Kitchener da gwamnatin da ta zaɓi a yi yaƙin don kada ƙawance ya rushe. Ana iya cewa ba su da zaɓi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai wanda ya yanke shawarar da wanda ya kwanta a gangaren Cité Saint-Laurent ba mutum ɗaya ba ne.

Birtaniya ta yi asarar mutum tsakanin 50,000 da 60,000 a yaƙin Loos gaba ɗaya, matattu da masu rauni da ɓatattu, Jamus kuwa wajen rabin haka. Runduna ta 9 da ta 15 kowace ta rasa fiye da 6,000, akasari a kwana biyu ko ukun farko. Abin da aka samu shi ne ƙauyen Loos da 'yar ƙasa mai zurfin kilomita biyu zuwa uku. A wata maƙabarta da ake kira Dud Corner, a kan hanyar Lens zuwa Béthune, kusa da inda runduna ta 15 ta haye layin farko, an zana sunaye fiye da 20,000 a jikin bango, na waɗanda suka mutu a wannan yanki ba a san kabarinsu ba. Sunan wurin ya samo asali ne daga yawan harsasan igwar da aka tarar a nan ba su fashe ba.

Runduna ta 9 da ta 15 an sake cika su da sababbin mutane, sun yi Somme a 1916, sun yi Arras a watan Afrilun 1917, inda bataliyoyin Sikotlan 44 suka taso a rana ɗaya, wannan karon da igwoyi dubbai a bayansu da wutar da ke tafiya a gabansu taki-taki. Tudu na 70 kuwa ya zauna a hannun Jamusawa kusan shekara biyu, sai a watan Agustan 1917 sojojin Kanada ƙarƙashin Janar Arthur Currie suka karɓe shi, bayan sun yi makonni suna shirin igwa da gwajin farmakin a bayan daga.